Jirgin da ke Yoyo Bai Nutse ba: Tarihin Osmoz da Halittu Masu Ƙwaya Ɗaya

Duk wanda ya zauna kilas a lise a ƙasar nan ya haɗu da kalmar "osmose" a darasin SVT. Mushe zai zana kwano a allo, ya raba shi biyu da layi, ya ja kibiya daga wannan gefe zuwa wancan, mu kuma mu kwafe cikin kaye. Ranar jarrabawa mu mayar mishi da jimlarsa yadda ya ba mu ita, ko waƙafi ba mu taɓa ba. Bayan bak da wata biyu ka tambayi mutum mene ne osmoz, sai ya ce maka wani abu ne dai na "milieu hypotonique". In ka ce ya faɗa maka da Hausa, sai ya yi dariya.

Ni ilimin harsuna nake karantawa a jami'a, kuma kalmomi ne suka ja ni zuwa ga wannan tarihi. Na ɗauki kalmomin darasin nan ɗaya bayan ɗaya, osmose, cellule, vacuole, amibe, infusoire, na bi sawunsu har inda aka haife su. Abin da na tarar shi ne kowacensu wani mutum ne ya raɗa ta, a lokacin da yake kallon abin da bai gama ganewa ba. Wasu sunayen sun taimaka, wasu kuwa sun ɓatar da masana shekara da shekaru. Labarin da zan ba ku ke nan, ƴan uwa: yadda aka ɗauki sama da shekara 100 kafin a gane aikin wata ƴar jaka da ke bugawa cikin jikin halittar da ido ba ya gani.

Halin da halittar tabki ke ciki

Mu fara da abin da kowa ya sani. Ki yanka albasa ko kokumba ki barbaɗa gishiri, kafin ki gama jajjage sun fitar da ruwa. Mai sayar da salati a kasuwa, in ganyen ya yi yaushi da rana, ruwa yake yayyafa mishi ya miƙe. Yaro ya zuba ma matsattsaku gishiri, ya ga ya tsuke ya saki fata. Abu ɗaya ne ke faruwa a duk wuraren nan. Kowace ƙwayar halitta tana lulluɓe da wani tantani siriri ƙwarai, wanda ruwa ke ratsawa cikin sauƙi, amma gishiri da sukari da sauran abin da ya narke ba sa wucewa sai da ƙyar. In irin wannan tantani ya shiga tsakanin ruwa biyu, ɗaya lami ɗaya mai gishiri, ruwa zai riƙa ratsawa daga gefen lami zuwa gefen mai gishiri. Osmoz ke nan.

To, ku ɗauki halittar da duk jikinta ƙwaya ɗaya ce tak, kamar paramesi, wadda tsawonta wajen kwatan milimita ne, tana iyo cikin tabkin damina. Cikinta cike yake da gishiri iri-iri da sinadaran da take rayuwa da su. Wajenta kuwa ruwan sama ne, kusan lami. Saboda haka dare da rana ruwa na kutsowa cikinta ta ko'ina. Ba ta da fata mai kauri, ba ta da ƙoda, kuma ba inda za ta gudu tunda ruwan ne gidanta. In ba ta yi wani abu ba za ta kumbura ta fashe. Halinta ɗaya da masuncin da jirginsa ke yoyo a tsakiyar tabkin Madarunfa: ko ya kwarfe ruwan, ko ya nutse.

Yau cikin minti goma ake koyar da wannan. Amma kafin a kai nan sai da mutane iri biyu suka yi ta aiki, kowa a nashi ɗaki. Akwai masu leƙen madubi, akwai masu gwaji da kwalba da tukunya, kuma sun daɗe ba su san abu ɗaya suke bi ba.

Mai sayar da yadi na Delft

A 1674 wani mai kantin yadi a garin Delft na ƙasar Holand, Antonie van Leeuwenhoek, ya ɗebo ruwa daga wani tabki kusa da garinsu ya duba da ɗan madubin da ya goge da hannunsa. Mutumin nan bai je jami'a ba, kuma bai iya Latin ba, wanda shi ne harshen masana a Turai a lokacin. Sai ya ga ruwan na motsi da wasu abubuwa masu rai, suna iyo, suna juyi. Ya rubuta ma ƙungiyar masana ta Landan da harshensu na Holand, harshen kasuwa da cikin gida, ya kira abin da ya gani "ƴan dabbobi". A Landan aka riƙa fassara wasiƙunsa, wasu suka yi shakka, har sai da Robert Hooke ya sake gwajin ya gani da idonsa. A 1680 suka shigar da mai kantin yadi cikin ƙungiyar.

Shi wannan Hooke ɗin ne a 1665 ya duba ɓawon wani icce da ake toshe kwalba da shi, ya ga ƴan ramuka a jere, ya ba su sunan da ke nufin "ɗan ɗaki" da Latin. Cellule ɗin da muke haddacewa asalinta ke nan, ɗan ɗaki.

Masu bin sawun Leeuwenhoek sun lura cewa hanya mafi sauƙi ta samun ƴan dabbobin nan ita ce a jiƙa busasshiyar ciyawa cikin ruwa a bar ta kwana biyu-uku. Don haka a ƙarni na 18 aka sa musu suna infusoires, daga infusion, wato jiƙo. Da Bahaushe ne ya raɗa sunan da "ƴan jiƙo" zai ce, kuma da bai rage komai ba. Paramesi, wadda John Hill ya ba suna a 1752, daga kalmar Girkanci take mai nufin dogo-dogo. Amiba kuwa daga kalmar Girkanci mai nufin canji, saboda ba ta tsayawa a siffa ɗaya.

Huhu ne, zuciya ce, ko mene ne?

A 1776 wani malamin coci ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya bayyana wani abu da ya gani cikin jikin ƴan jiƙon nan. Wani ɗan ɗigo ne mai haske, da ƴan hanyoyi kewaye da shi kamar tauraro. Yana cika sannu a hankali, ya kumbura, sai farat ɗaya ya ɓace, can kuma ya sake fitowa ya fara cika. Spallanzani ya ga abu na kumbura yana sacewa bi da bi, sai ya ɗauka gaɓar numfashi ce.

Hausawa na cewa gani ya kori ji. A nan dai ganin bai wadatar ba, don kowa ya kalli tauraron nan jikin mutum yake tunawa. Wasu suka ce ai abin da ke bugawa ba fashi zuciya ce, tana zagaya da wani irin jini. Babban masanin Jamus Christian Gottfried Ehrenberg ya fi kowa nisa. A ƙaton littafinsa na 1838 ya kafe a kan cewa ƴan jiƙo cikakkun dabbobi ne, suna da duk gaɓoɓin da manyan dabbobi ke da su, girma kawai suka rasa. Ya ciyar da su garin rini, ya ga launin ya taru a ƴan ƙullutu da yawa cikin jikinsu, sai ya ce tumbi ne da yawa, har ya raɗa ma rukunin suna mai nufin "masu ciki da yawa". Ƴar jakar da ke bugawa kuwa ya sa ta cikin gaɓoɓin haihuwa na namiji.

Ehrenberg ba jahili ba ne, kuma zanensa har yau ana sha'awar sa. Abin da ya ci shi, kalmomin da yake da su a baki duk na jikin manyan dabbobi ne: ciki, hanji, ido, maraina. Da ya sa ma abu suna "ciki", sai idonsa ya shiga neman hanjin da zai haɗa cikunnan, kuma ya zana shi.

Wani Bafaranshe, Félix Dujardin, shi ya tsaya ya musa. Ya ce shi bai ga hanji ba, bai ga zuciya ba, abin da ya gani wani abu ne mai yauƙi kamar dalayi wanda ramuka ke buɗewa a cikinsa suna rufewa. A 1841 ya kira ramukan vacuoles, daga kalmar Latin mai nufin wofi. Sunan bai faɗi aikin abin ba, amma ya yi amfani ɗaya babba: ya kawar da huhu da zuciya daga kan hanya. A 1845 Carl von Siebold ya bayyana cewa halittun nan kowace ƙwaya ɗaya ce. Daga nan tambaya ta sake kama: me ƙwaya ɗaya za ta yi da jakar da ke cika tana zubarwa?

Mafitsara da hanjin kaza

Amsar tana ɗaya ɗakin, wajen masu kwalba. Tun 1748, kafin Spallanzani, wani malamin coci na Faransa, Jean-Antoine Nollet, ya cika ƴar kwalba da alkol, ya ɗaure bakinta da mafitsarar alade, ya tsoma ta cikin ruwa don kada iska ta shiga. Ba osmoz yake nema ba, binciken tafasar ruwa yake yi. Da ya dawo bayan ƴan awoyi sai ya tarar mafitsarar ta kumbura ta yi tamau. Ya soka mata allura, ruwa ya yi tsartuwa sama. Ya juya gwajin, ya sa ruwa a ciki alkol a waje, sai mafitsarar ta lotsa ciki. Ya rubuta abin da ya gani, ya koma ga aikinsa na lantarki wanda aka fi sanin sa da shi. Abin ya zauna kusan shekara 80 ba shi da suna, kuma abin da ba shi da suna da wuya a yi gardama a kansa, balle a koyar da shi.

Wanda ya raɗa suna shi ne Henri Dutrochet, wanda aka haifa a 1776, shekarar da Spallanzani ya bayyana tauraronsa. Likitan soja ne, ya yi aiki da rundunar Napoleon a Sipaniya, ciwo ya kama shi, ya ajiye aiki ya koma ƙauye a yankin Touraine yana bincike shi kaɗai. Ya yanki wani ɓangare na hanjin kaza mai kama da ƴar jaka, ya zuba madara ko ruwan sukari a ciki, ya ɗaure, ya tsoma cikin ruwa. Jaka ta kumbura. Ya haɗa ta da dogon bututun gilashi, ya ga ruwa na hawa sama cikin bututun, abin da ruwa ba ya yi don kansa. A 1826 ya kai sakamakon gaban majalisar masana kimiyya ta Paris, da sababbin kalmomi biyu: endosmose da exosmose. Ya ɗauko su daga kalmar Girkanci osmos, wato turi. Na farko turi zuwa ciki, na biyu turi zuwa waje. A 1854 Thomas Graham, ɗan Sikotilan, ya yanke kawunan kalmomin ya bar osmose.

Ku lura da wani abu nan. Bature ya kalli abin ya ce turi ne. Uwayenmu a madafa sun kalli abu ɗaya suka ce gishiri ya ja ruwa. In aka bi zancen filla-filla, ƙwayoyin ruwa a kullum cikin kai da komo suke, suna ratsa tantanin ta kowane gefe, sai dai masu shiga gefen gishiri sun fi masu dawowa yawa. Turi da ja duk kwatance ne, kuma na Girkanci bai fi na madafa kusa da gaskiya ba.

Tukunyar Pfeffer

Mafitsara da hanji suna da aibi: suna barin sukari ya ɗan ratsa, kuma suna yagewa. Ba a iya auna ƙarfin abin da su. A 1867 Moritz Traube ya haɗa wani tantani na sinadarai wanda ruwa kaɗai ke wucewa, sai dai ba shi da ƙwari. Wani masanin tsirrai na Jamus, Wilhelm Pfeffer, ya samo dabara. Ya ɗauki ƴar tukunyar yumɓu wadda ba a shafe ba, mai tsatsafar da ruwa kamar yadda sabuwar randa ke yi, ya sa tantanin Traube ya kafu cikin ƴan ƙofofin jikinta. Yumɓu ya ba da ƙarfi, tantani ya yi tacewa. Ya cika ta da ruwan sukari, ya haɗa da ma'aunin zaiba, ya tsoma cikin ruwa.

Abin da ya buga a 1877 ya ba mutane mamaki. Giram 10 na sukari cikin lita ɗaya, wanda a wurin mai shayin bakin titi ko ɗanɗano bai kai ba, ya tura zaiba sama da santimita 50. In da ruwa ne a bututun, zai hau sama da mita 7. Wannan ƙarfin ne ke miƙar da ganyen salati, kuma irinsa ne ke danna tantanin paramesi daga ciki.

A birnin Amsterdam masanin tsirrai Hugo de Vries, wanda shi ma yake tsoma ƙwayoyin ganye cikin ruwan gishiri yana kallon yadda suke tsukewa, ya ba abokinsa Jacobus van 't Hoff labarin alƙaluman Pfeffer. Van 't Hoff ya zauna da su, ya gano cewa ƙarfin osmoz yana bin ƙa'ida ɗaya da iskar da aka matse cikin tulu: yawan ƙwayoyin da suka narke shi ne abin lura, da kuma zafi, ko ƙwayoyin mene ne. Gishirin miya ya zo da kusan ninki biyu na abin da lissafi ya nuna, kuma Svante Arrhenius ya ba da dalili a 1887: in gishiri ya narke, kowace ƙwayarsa rabewa take gida biyu. A 1901, da aka fara ba da kyautar Nobel, van 't Hoff ne ya karɓi ta kimiyyar sinadarai, kuma aikin nan na cikin dalilan.

Ɗakuna biyu sun haɗu

A 1888, shekara 112 bayan Spallanzani, Marcus Hartog, malami a birnin Cork na Ailan, ya haɗa biyu da biyu. Ya ce halittun da ke da jakar nan galibi tsirara suke, ba su da bango mai tauri, kuma a ruwan daɗi suke zaune. To ai dole ruwa ya riƙa shigar su. Jakar kwarfe shi take yi.

Magana ce mai ma'ana, amma sai an gwada akan san na ƙwarai. A 1910 wata Bajamusa, Margarete Zuelzer, ta ɗauki amiba ta ruwan daɗi ta riƙa ƙara mata ruwan teku kaɗan-kaɗan. Ruwan teku yana da gishiri wajen giram 35 a lita. Yadda gishirin waje ke ƙaruwa, haka bugun jakar ke raguwa, har ta daina fitowa gaba ɗaya. Da ta mayar da amibar ruwan daɗi, jaka ta dawo ta ci gaba da aiki. Da huhu ce ko zuciya, ba yadda za a yi ta ɓace halitta ta ci gaba da rayuwa. Wannan mata Bayahudiya ce. A 1933 mulkin Hitila ya raba ta da aikinta, ta yi gudun hijira zuwa Holand, ta mutu a sansanin Westerbork a 1943. Gwajinta na cikin littattafan makaranta, sunanta kuwa ba kasafai ake ambata ba.

A shekarun 1930 wani ɗan Ingila, J. A. Kitching, ya ƙara hujja ta ɗaya gefen. Ya sa ma irin halittun nan ɗan siyanid, gubar da ke hana ƙwaya samun ƙarfi daga abincinta. Jaka ta tsaya, halitta ta fara kumbura. Ashe kwarfar nan aiki ne mai cin ƙarfi, kamar yadda masunci ke gajiya. Paramesi na da jaka biyu, suna bugawa bi da bi, kuma cikin abin da bai kai awa ɗaya ba tana iya zubar da ruwan da ya kai girman jikinta duka.

Saura tambaya guda: yaya jakar ke tattara ruwan? Binciken ƙarshen ƙarni na 20 ya nuna cewa a jikin ƴan hanyoyin da ke kewaye da jakar akwai ƙananan famfuna na furotin. Da ƙarfin da suke samarwa ake tara gishiri-gishiri cikin hanyoyin, ruwan da ke jikin ƙwayar ya bi gishirin ya shiga, jaka ta cika, ta buɗe baki ta zubar waje. Wato da osmoz ɗin da ke neman fasa ta, da shi take kwarfar. A 1992 kuma Peter Agre da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar da cewa akwai ƴan ƙofofi na musamman a tantani waɗanda ruwa ke bi, suka kira su akwaforin, wato ƙofofin ruwa. An ba shi Nobel a 2003, kuma an sami irin ƙofofin nan a jikin jakar wasu halittu masu ƙwaya ɗaya.

Masu bango da masu kwanci

Ba kowace halitta ke kwarfa ba. Bakteriya galibi bango mai tauri suke ginawa a bayan tantaninsu, ruwa ya shiga ya danna, bango ya riƙe. Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, hana ginin bangon nan yake yi. A 1956 Joshua Lederberg ya nuna cewa in aka sa ma bakteriya penisilin cikin ruwa mai sukari da yawa, sukan zama ƙwallaye su tsaya ba su fashe ba, amma cikin ruwa lami fashewa suke. Ke nan magani na rushe katanga, ruwa ne ke ƙarasa aikin. Da yawa daga masu zama cikin jikinmu kuwa, kamar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da amibar da ke sa atini, ba su da jakar kwarfa, don gishirin inda suke zaune kusan daidai yake da na cikinsu.

A ƙasarmu matsalar na juyewa in damina ta wuce. Tabki na janyewa, gishirin da ke ciki na ƙara kauri, ruwa ya fara fita daga jikin halitta. Da yawa cikinsu sai su dunƙule, su yi ma kansu kwasfa mai tauri, su kwanta cikin busasshiyar laka ko a jikin ciyawa har ruwa ya dawo. Shi ya sa jiƙon ciyawa ke fitar da ƴan jiƙo. A 1832, a teku kusa da tsibiran Kap Ver, Charles Darwin ya tattara ƙurar da iska ta kwaso daga Afirka ta zuba a kan jirginsu. An aika ma Ehrenberg ita tare da wasu ƙunshin ƙurar da aka tara a tekun, ya ƙirga siffofi 67 na ragowar ƙananan halittu da tsirrai, kuma ƴan halittun kusan duk na ruwan daɗi ne. Yau an san cewa ƙurar kwarin Bodele a Cadi, wadda hunturu ke kaɗo mana, cike take da kwasfar irin waɗannan halittu da suka rayu lokacin da tabkin Cadi ya rufe wurin.

Inda abin ya shafi rai

Mai kilishi da ke shanya nama, mai sa ma kifi gishiri, da wanda ke ajiye zuma shekara ba ta lalace ba, duk ruwa suke hana ma ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci. Ƙarin ruwan da ake sa ma marar lafiya a likita yana da gishiri giram 9 a lita, adadin da ya fito daga gwajin da Hartog Hamburger ya yi da jajayen ƙwayoyin jini a Holand a ƙarshen ƙarni na 19. In da ruwa lami aka ɗura a jijiya, ƙwayoyin jini za su kumbura su fashe, don su ba su da jakar kwarfa.

Kwalara ma ta nan take kisa. Dafin ƙwayar cutar na sa hanji ya riƙa zubar da gishiri cikin cikinsa, ruwan jiki ya bi gishirin ya fice. A 1960 Robert Crane ya bayyana cewa hanji na tsotsar gishiri tare da sukari ta ƙofa ɗaya, kuma daga baya aka ga kwalara ba ta rufe wannan ƙofa. In gishiri da sukari suka shiga, ruwa zai bi su ya koma jiki. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladesh, likita Dilip Mahalanabis ya rasa isasshen ƙarin ruwa a sansanin ƴan gudun hijira na Bangaon a Indiya, sai ya riƙa ba mutane ruwan gishiri da sukari su sha. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Shi ne SRO ɗin da ake ba uwaye in yaro na zawo. Uwar da ta san dalilin abin ba za ta cika gishiri ko sukari don tana ganin zai fi ƙarfi ba, domin ta san in ya yi kauri, ruwan yaron zai ƙara jawowa waje. Wannan bayani da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci za a yi mata shi, in har akwai mai iya yi.

To, me za mu kira su?

Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyyar lissafi da hasken rana ne, kuma tun 1964 ya rubuta littafi yana kiran a koyar da yaran Afirka da harsunansu. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 2025 an rubuta Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma takardar gwamnati ba ta haifar da kalma ko ɗaya ta darasin SVT. Wannan aikin yana jiran masu yi, kuma ina ganin mu ne.

Ga abin da nake ba da shawara. Membrane mu ce tantani, kalma ce da mahauta da masu yin tandu suka daɗe da ita. Infusoires mu ce ƴan jiƙo. Osmose mu ce jan ruwa, ko jan ruwa ta tantani in ana son cikakke, kuma ba laifi a ajiye "osmoz" kusa da shi saboda jarrabawa da littattafan waje. Vacuole pulsatile kuwa ni makwarfiya nake kiran ta. Sunan Faransancin na nufin ramin wofi mai bugawa, ya tsaya ga abin da ido ke gani, inda Dujardin ya tsaya a 1841. Makwarfiya ta faɗi aikin, wanda aka yi shekara 112 ana nema. Yaron da ya ji sunan zai tambaya, me take kwarfa, daga ina ruwan ke shigowa? Ya riga ya shiga darasin ke nan.

Tarihin Ehrenberg gargaɗi ne gare mu ma: suna na iya rufe ido. Don haka kada a karɓi nawa don na rubuta su a takarda. Ƴan Tawa, ƴan Damagaram, ƴan Dogon Dutsi, wataƙila a bakinku akwai kalmar da ta fi tawa dacewa. Ku tambayi masunta, majema, mahauta da masu kilishi yadda suke faɗin abin in ruwa ya shiga ko ya fita daga fata da nama. Masu karatun kimiyyar halittu kuma ku duba ko sunayen nan sun yi daidai da abin da kuke gani. Wanda makarantarsu ke da madubin ƙara girma, ya jiƙa busasshiyar ciyawa da ruwan tabki cikin kwalba, ya bar ta mako guda, ya ɗiga ɗigo ɗaya ya duba, ya ƙirga sau nawa jakar ke bugawa a minti. Sannan ya ɗiga ruwa mai ɗan gishiri kaɗan a gefe ya sake ƙirgawa. Abin da ya samu, da sunan da ya ga ya dace, ya rubuto mu sa a fitowa ta gaba.